Yatsu Biyu na Sista Magdalene

Kowace Asabar, kafin ƙarfe bakwai na safe, Sista Magdalene ta riga ta sauka daga mota a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Daga Ushafa take tasowa. Takan ratsa layin 'yan rodi da 'yan kwano, ta buɗe rumfar da wani mai sayar da tayil ya ara mata, ta jera kujerun roba, kowace ta jingina bayanta da bango. Tsohon soja ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ta san haka, don shekara ashirin da takwas ta yi tana aikin nas a asibitin soja kafin ta yi ritaya. Masu zuwa tsofaffin sojoji ne, ba su cika wuce goma ba, kuma yawancinsu gadi suke yi a kasuwar.

Yayana Shafi'u ne sanadin da na san rumfar. Ya dawo daga fagen daga da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu, muka yi ta hamdala, ashe da sauran aiki. Wata rana ana sauke rodi daga tirela a kasuwar, ɗauri guda ya kuɓuce ya daki kwalta. Sai a ƙarƙashin teburin mai shayi aka tsinci Yaya, ƙato ɗan shekara arba'in, ya rufe kai yana karkarwa. 'Yan kasuwa suka yi dariyarsu. Shi kuwa ya koma gida ya kulle kansa a ɗaki wata biyu cur, matarsa Mufida tana ajiye abinci a bakin ƙofa. Har yau in na tuna ƙofar nan a rufe sai gabana ya faɗi.

Da ƙyar na jawo shi wurin Sista. Da na ga abin da take koyarwa kuwa, saura kaɗan in ja shi mu koma. Yatsu biyu ne kawai. Mutum ya riƙa ɗan bubbuga gefen tafin hannunsa, sai gira, gefen ido, ƙarƙashin ido, ƙarƙashin hanci, haɓa, saman ƙirji, yana numfashi a hankali, yana faɗin abin da ke damunsa. Dariya ta ƙwace mini.

"Yi dariyarki, no problem," in ji ta. "Ni ma na yi da aka koya mini. Amma ki ji ni da kyau, kar ya bar likita, kar ya bar maganinsa. Wannan na aljihu ne, don lokacin da abin ya taso a kasuwa kuma babu kowa."

Ni ba likita ba ce, kuma na ji su kansu likitocin bakinsu bai zo ɗaya ba a kan wannan hanya. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Matsalarta ta farko ita ce soja ba ya buɗe baki ya ce yana jin tsoro, ko za a yanka shi. Sai ta mayar da abin fareti. Takan tsaya a gaban mutum ta daka tsawa, "Kofur, report!" Soja kuwa ko me ya gani, in an ce ya kawo rahoto zai kawo. Da kunnena na ji Yaya, wanda ya yi wata biyu bai ce mana uffan ba, ya miƙe ƙyam yana cewa, "Ƙarfe ya faɗi, ma. Ƙirjina yana bugawa. Ina Dei-Dei. Ina raye." Ita kuma tana kiran wuraren ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa suna bi.

Dokarta guda ce, ba ta taɓa jikin kowa. Sajan Zacharias, dattijon da yanzu shi ke share rumfar, shi ya ba ni dalili da bakinsa. A shekarar farko ta miƙa hannu za ta nuna masa ƙarƙashin ido, kafin ya san inda yake ya murɗe mata hannu har ya karye. "Na ce shi ke nan, matan nan ba zai dawo ba," in ji shi. "Next Asabar sai ga ta da filasta, wai ita ce ke ba ni haƙuri. Ta ce ita ta kai hannu fuskar soja ba warning." Tun daga ranar, taku biyu take tsayawa daga mutum, ta bubbuga tata fuskar, shi ya kwaikwaya.

Sista, ke ce kika dawo da karyayyen hannu wurin wanda ya karya shi. Ke ce kika zauna a tsakiyar ƙarar kasuwa da gangan, kika ce a nan suke aiki, a nan za su koyi tsayuwa. Uwar masu gadi, shekara shida ba ki fasa Asabar ɗaya ba, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Yanzu kuma za ta tafi. Ciwon gaɓɓai ya kama yatsun, ya fi tsanani a hannun da ya karye, 'yarta Rita ta dage sai ta koma wurinta a Jos. Tun da na ji labarin hankalina bai kwanta ba. Kullum sai na kira Mufida, bayan gaisuwa tambayata ɗaya ce: ƙofar ɗakin a buɗe take? Shekara biyu ke nan Yaya yana zuwa aiki, amma ban taɓa ganin ya yi sati ba tare da Sista ba. Ina tsoron ranar da ƙarfe zai sake faɗuwa ita tana Jos.

Asabar da ta wuce ita ce ta ƙarshe, na je don in yi mata ban kwana. Tana cikin magana tayar wata tirela ta fashe a bayan rumfar, har kwanon rufi ya girgiza. Na juya wurin Yaya. Yana tsaye, yatsunsa a kan gira. Wadda ta sandare Sista ce. Kofin ruwa ya faɗi daga hannunta, idanunta sun kafe a wuri ɗaya, ba ta ganin kowa a cikinmu. Sai a lokacin na tuna ita ma shekara ashirin da takwas ta yi tana karɓar waɗanda ake saukowa da su daga mota jina-jina, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta ya take kwana da abin.

Na zabura zan rungume ta, Yaya ya tare ni da hannu.

"Kar ki taɓa ta, Nabilah."

Ya auna taku biyu, ya tsaya a gabanta. Ya ce, "Sista, report!" Ya fara bubbuga girarsa. Sajan Zacharias ya miƙe, sauran ma suka miƙe, maza tara suna bubbuga fuskokinsu a gaban tsohuwa ɗaya. Ta daɗe ba ta motsa ba, har na fara salati. Can sai kumburarrun yatsun nan suka ɗago a hankali.

"Taya ce," ta ce da ƙyar. "Ina Dei-Dei. Ina raye."

Da numfashinta ya daidaita, ta kalli Yaya sama da ƙasa. "Kofur, ka tsallake haɓa." Rumfar ta kaure da dariya, ni kuwa kuka nake yi.

Ba zan yi ƙarya ba, tsorona bai tafi duka ba, gobe ma zan kira Mufida. Amma ina roƙon duk wanda ya ga tsohon soja ya faɗi don ƙarar taya, ya haɗiye dariyarsa, ya taimaka a kai shi wurin likita. Ma'aikatan jinya da suka yi ritaya kuma, kujerun Sista suna nan, Asabar ɗaya a wata ma ta isa a fara.

Sista Magdalene, mun gode, Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da alheri. Makullin rumfar yana hannun Sajan, jera kujeru kuma Yaya Shafi'u ya ɗauka. Ya ce in gaya miki ba zai sake tsallake haɓa ba.