Ranar da Baba ya kafe a bakin ƙofa

Shekaru sun ja, ba mamaki na gauraya wasu abubuwa, amma ranar da wani dattijo ya kafe a bakin ƙofa gaban taron likitoci ba za ta taɓa fita raina ba.

Lokacin ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. Aka shirya mana bitar ƙaro ilimi a Samaru kan cututtukan da ke hana jiki motsi yadda ya kamata, musamman ciwon karkarwa. Wani farfesa ne ya zo koyarwa, aka ce a ƙarshe zai zaɓi mutum guda ya tafi da shi ya horar. Ina son gurbin nan ba kaɗan ba, kuma ina ganin, ko da yake ban isa in yabi kaina ba, na fi kowa shiri.

Ni na kawo wanda za a yi darasi a kansa: wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Chikaji, da na daɗe ina dubawa. Shi da matarsa suka amince, suka zo cikin kayan zuwa coci. Sai da ya iso ƙofar zauren ƙafafunsa suka ƙi ɗagawa, kamar an liƙe su da siminti. Masu wannan ciwo suna yin haka. Na karanta cewa kiɗa ko ƙirga kan sake su, amma ban taɓa gwadawa ba. In na gwada ya faɗi fa? Ina tsaye ina ta auna abin a zuciyata, shi kuwa gumi na keto masa, idanun mutane duk a kansa.

Sai wata abokiyar aikina, wadda tun a jami'a ni ke yi mata bayanin darasi, ta miƙe da ƙullin gyaɗa a hannu. Ta dubi matar ta ce, "Mama, ba kya zumuntar mata? Tayar mana da waƙa mana!"

Mama ta ce, "A nan? Gaban manya?"

"Su wa? Duk 'ya'yanki ne."

Mama ta ɗauko waƙa, abokiyar tawa tana buga tebur. Baba ya ɗaga ƙafa, ya sake ɗagawa, ya tako har gaban allo yana bin kiɗan. Zaure ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, amma Allah ya sani hannuwana ne kawai suka tafa.

Na yi bayanina tsaf, farfesa ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ita ya zaɓa.

Gurbin ya yi mini ciwo, amma ba kamar abin da ya biyo baya ba. Da Baba ya dawo asibiti, ina auna shi ya tambaye ni, "Ɗana, ina likitata?" Ni da na sha hawa acaɓa in kai masa magani har gida! Na ce ta tafi karatu. Ya ce, "To, ka riƙe ni kafin ta dawo." Na riƙe shi kuwa, na ma koyi buga tebur, ko da yake Mama ta ce kiɗana na rikita mai rawa.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, ilimin da mai shi ke tsoron fitarwa bai ɗaga ƙafar kowa. Kishin kuwa, ba zan ce ya warke sarai ba.

Abu ɗaya ke damuna har yau. Ita takan ce ni ne na raɗa mata "kiɗa" kafin ta miƙe. Ban tuna haka ba, kuma ina zargin lallashina take yi. Duk wanda ya zauna kusa da mu a ranar, don Allah ya aiko ya gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.