Ranar da Na Kai Goro Dar Salam

Tun da likita ya ɗora mini tabarau ban ƙara samun sakewa a unguwarmu Aljirif ba. Mai ido huɗu kowa ke kirana, har masu buga tubali a bakin kogi. Da sanyi in na naɗe hanci da rawani na hau keke, numfashina ya rufe gilashin, in na cire kuma ban iya bambance jaki da tulin yashi. Amma babban abokin gabana ruwan sama ne, shi kuma bai tashi zuwa ba sai ranar ɗaurin auren yayana.

Waliyyin amarya baffanta ne, wani malami a Dar Salam can bayan Omdurman, jikan mahajjata, wanda bai taɓa son haɗa zuri'a da mu 'ya'yan masu tsinkar auduga a gonakin Jazira ba. Da ya rasa abin kamawa sai ya kama goro. Ya ce dabino da alewa al'adar Larabawa ce, shi ba ya ɗaura aure sai da goro kamar kakanninsa, kuma in aka sallame la'asar babu goro a tabarma, an fasa. Goro a Khartoum kuwa sai an taki sa'a. Manyanmu, har da kawuna, suka wuce tun safe da alkawarin yana tafe, amma falken da ya ɗauko shi daga yamma bai iso gidanmu ba sai gab da azahar. Yana sauke buhu ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, motocin haya duk suka tsaya.

Yaya ya zauna yana kallon buhun, don ango ba ya kai goron aurensa da kansa. Tausayinsa ya kama ni, haushin tsohon nan kuma ya fi tausayin. Na jawo keke, wanda muke kira ajala.

"Kai da ba ka gani da rana tsaka," in ji Inna, "ina za ka a wannan karif, damina tsaka?"

"Inna, ajala ta san hanya."

Ta shige ɗaki ta fito da malfar marigayi Baba, wadda ya yi shekaru yana noma da ita. Samarin birni ba ma sa malfa, gudun a ce mana 'yan gona. Ba ta tambaye ni ba, ta kifa mini, ta ɗaure da igiya a haɓa.

Ashe maganin ke nan. Ruwa na dukan malfa yana zuba ta gefe, gilashina kuwa garau. Ina ganin ramukan da ake haƙawa a bakin titi kafin damina, sun cika sun yi daidai da hanya, ina kauce musu ɗaya bayan ɗaya. Goro a bayana cikin jiƙaƙƙen buhu, shi kam gaba ta kai shi, don dama danshi yake so. A tsakiyar Khartoum ma'aikatan ofis sun raɓe a baranda riƙe da takalmansu. Wani ya ɗaga murya, "Ya zol, bawan Allah, ka wuce gonar!" Na kaɗa masa ƙararrawa, tayata ta watsa masa ruwa a wando, ban kuma nemi gafara ba.

A kan gadar Omdurman iska ta juyo da ruwan ta gefe, ya shigo ƙarƙashin malfa. Na goge da yatsa, na ƙara ɓata abin. Sai na karkatar da kai kamar mai ciwon wuya, na bi bakin gada a hankali har na sauka. Inda kwalta ta ƙare laka ta riƙe tayoyi, na saɓa keke a kafaɗa na bi bayan amalanken mai sayar da ruwa, inda jakinsa ya taka nan nake takawa.

Ina isa ƙofar masallaci liman na sallamewa. Laka har gira, na dire buhu a gaban malamin.

"Allah ya gafarta Malam, ga goro."

Ya kwance, ya ɗauki ɗaya ja jawur, ya juya shi yana neman aibi, bai samu ba. Ya ɓare ya tauna. Sannan ya dube ni.

"Daga Aljirif? A kan ajala?"

"A kanta, Malam."

Ya miƙo hannu ya zare mini tabarau, komai ya koma dishi-dishi. Na ɗauka zai mayar da ni abin dariya ne, har na fara shirya amsa. Sai ya goge shi tas da gefen rawaninsa, ya mayar mini a fuska da hannunsa. Farkon abin da na gani shi ne kawuna yana share hawaye.

"Matso kusa da ni, ɗana," in ji malamin. "Liman, a yi fatiha."