Kwalin Kawu Iro a Firij

Duk wanda ya taɓa buɗe firijinmu na unguwar Gubaira a Riyad ya san kwalin takalmin nan da ke can ƙasa. Na Kawu Iro ne, ƙanen mahaifiyata, direban wani gida a unguwar Malaz. Mu shida ne a ɗaki, firij ɗaya, amma da Oktoba ta kama rabinsa ya zama na kwalin, wai kawunan furen da ke ciki sai sun sha sanyin wata biyu kafin a shuka su. Matar kafilinsa, wato maigidan da yake wa aiki, ita ce ke zubar da su in sun gama fure, shi kuwa ya bi shara ya tsince. Burinsa ɗaya ne: ya ga sun yi fure a saman gidanmu kafin zafin Riyad ya sauko.

Kun dai san kamar albasa suke. Makon da Mamman ɗan Maraɗi ya zo, ya shiga girki ya ciro biyu ya yanka. Kawu ya shigo ya daka masa tsawa, ya ce guba ce, wanda ya ci sai asibiti. Mamman ya hau ba mu haƙuri, wai saura kaɗan ya kashe mu.

"Wa ke ta tasu?" in ji Kawu. "Ni biyu ka kashe min!"

A bokitan fenti yake shuka su. Ruwa kuwa bai yarda a zubar da ko ɗigo ba, don haka ya kafa doka: duk mai alwala ya hau sama ya yi a kan bokiti. Har baƙo bai tsira ba. Da haris, mai kula da ginin, ya ga bokitai ya ce mamnu'i ne, wato an hana, a kwashe, sai Kawu ya zaro iƙamarsa, katin izinin zama, ya miƙa masa.

"Karanta, ya sadiƙ. Nuna min inda aka rubuta kar Iro ya yi shuka."

Haris ya juya katin gaba da baya, ya ce wallahi wannan mutum mushkila ne, ya sauka.

Shekara uku ganye kawai suke fitarwa, zafi ya zo ya ƙone shi. Mun tsokane shi har mun gaji, ni ne ma kan gaba, ina cewa ya bar mana ganyen mu yi kwaɗo. Amsarsa ba ta canzawa: "Ƙasar ba ta ce a'a ba, ku ne kuka ce."

A Janairun bana ya faɗi yana wanke mota, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Bayan kwana uku haris ya zo ta'aziyya, ya tambaya a hankali ko yanzu za a kwashe bokitan. Ban san sanda na ce masa mamnu'i ba. Muka ci gaba da hawa sama alwala, mu biyar.

Ranar wata Juma'a a Fabrairu Mamman ya ƙwala min kira daga sama. Bokiti ɗaya ya buɗe, furanni huɗu, rawaya shar. Na ji haushi, wallahi, haushin wata guda da Kawu bai jira ba, na tsuguna na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba ka lambun da babu mai cewa ka kwashe. Kwalinka kuwa Oktoba na kamawa zai koma firij, wanda bai so ba ya sayi nasa.