Gwaggo da Mu Ashirin da Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa asibiti. Ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowa yadda ya kwana. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Babbar nas ce, amma daga likitoci har masu shara, Gwaggo suke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

A shekarar annoba na san ta. An rufe otal ɗin da nake kai wa baƙi abinci, ina zaune a gida ni da iyali muna kallon juna, sai aka yi shela cewa asibiti na neman hannu: rabin ma'aikata sun kamu, sauran sun galabaita. Mu ashirin da uku aka ɗauka na wata shida, har da direban bas, da tela, da wata mai kitso. Wasu ma'aikatan suka ce wahala aka ƙaro musu. Gwaggo ta ce a bar mata mu.

Kowa sai da ta tambaye shi sana'arsa. Direba ya ce shi tuƙi kawai ya iya.

"To ga keken marasa lafiya," in ji ta. "Amma nan ba a gudu, kuma fasinja ɗaya ake ɗauka."

Ni kuwa ta ce wanda ya iya ɗaukar miya ba ta zube ba, ba zai kasa ba tsoho ruwa da cokali ba. Wasan ya tsaya nan. Sau goma sha ɗaya ta sa na cire safar hannu na mayar, har raina ya ɓaci.

"Ɗana, yi fushinka," ta ce. "Ni dai ba za ka kai wa 'ya'yanka cutar nan ba."

A mako na uku aka ga amfanin koyarwarta. Ta gaya wa direba ya riƙa duba agogon tukunyar iskar numfashi kamar yadda yake duba na mai a mota. Wata rana da hantsi ya turo keke ta gefen gadon wani dattijo, ya ga allurar agogon tukunyarsa ta kwanta, leɓɓan mutumin sun fara sauya launi. Nas ɗaya ce a ɗakin, tana can kan wani. Ya kwala wa Gwaggo kira, ya ruga ya gangaro da sabuwar tukunya, ta ɗaura. Muna tsaye har numfashin dattijon ya daidaita. Direba ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka cikin takunkumi. Bayan kwana tara dattijon ya fita da ƙafarsa, 'yarsa na riƙe da shi.

Gwaggo, ke ce kika ga ma'aikata a inda wasu suka ga 'yan zaman kashe wando. Gagara-gajiya, uwar masu jinya! Biyu daga cikinmu sun kamu, kika yi ta zirga-zirga a kansu har suka miƙe. Mu ashirin da uku muka shiga, mu ashirin da uku muka fito, alhamdu lillahi. Yawancinmu mun koma sana'armu, mai kitso kuwa tana makarantar koyon jinya yanzu.

Na tambaye ta me za ta yi in ta huta. Ta yi dariya ta ce, "Barci, ɗana. Sai jikoki sun tashe ni."

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutun nan. Ku kuma da Allah ya ba ilimin wani aiki, in an turo muku wanda bai san komai ba, kada ku yamutsa fuska. Ku jawo masa kujera, ku nuna masa.