Mai Fanka a Gaban Aji

Yayana gyaran fanka yake yi, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Fanka. Shagonsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, fukafukan fanka rataye a bango, wayar tagulla cike da gwangwanin madara. In ya kara kunne a jikin fanka, ya gama sanin abin da ke damunta. Da ya fito daga asibitin ƙwaƙwalwa hannunsa bai manta komai ba, mutane ne suka manta hanyar shagon. Matarsa ta kwashe yara ta tafi. Ni ƙanwarsa na share masa ɗakin da ke bayan kicin, maigidana ya yi gunaguninsa har ya gaji.

Rashin aiki bai ci Yaya kamar yadda rashin abokin magana ya ci shi ba. Da ya buɗe baki sai a ce "to, to," kamar ana lallashin yaro. Mutumin da a da ake cika shagonsa don jin barkwanci, ya koma wuni yana kallon bango.

Ana nan sai Dakta, matar da ke duba shi, ta zo da wata magana. Tana koyarwa a jami'a, tana horar da likitocin ƙwaƙwalwa irin waɗanda ba sa rubuta magani, da zance suke aiki. Ta ce suna son waɗanda suka sha ciwon su riƙa shiga aji suna koyar da ɗalibai. Sharaɗi ɗaya ne, sai wanda jikinsa ya lafa.

Ranar farko ni na raka shi, ya goge riga har tana ƙyalli. Muna shiga ya ɗaga kai ya dubi fankar silin da ke ƙara, ya ce, "Wannan ma tana bukatar ganin likita." Ajin ya fashe da dariya, dariyar gaske, ba ta tausayi ba. Ya gaya musu yadda magani ke sa harshe nauyi, da yadda mutum ke ji in likita ya saci kallon agogo. Daga baya suka riƙa gwada yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana gyara musu.

"Kin tambaye ni yaya nake," ya ce wa wata, "amma kin fara rubutu tun ban amsa ba. Ki tambaya, ki jira."

Malam suke ce masa. Wallahi ajin nan shi ya riƙe Yaya a duniya. Saboda shi yake shan magani, saboda shi yake aski. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har na fara sakin jiki.

Sai abin ya dawo. Barci ya ƙaurace masa. Ya kwance fankar ɗakina, lafiyarta ƙalau, ya zauna a tsakiyar kusoshi ya rasa yadda zai mayar. Da ranar aji ta zo na tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya, don Allah ka ja bakinka ka yi shiru. Ka ba su tsohon labarin ka dawo. In suka sani za su tsayar da kai."

"Ke dai kin cika tsoro," ya ce. "Ina ce musu su saurari mutum lokacin da abin ke cinsa, sannan ni in ɓoye? To me na koya musu?"

Taurin kai dai tun muna yara yake da shi. Da muka isa aji, wani ɗalibi ya zauna gabansa ya ce, "Malam, yaya kake yau?" Ya ajiye biro, ya jira. Yaya kuwa ya amsa masa da gaskiya. Ɗalibin ya saurara har ƙarshe, sannan ya kai wa Dakta labari, don haka doka ta ce. Ban ga laifinsa ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, babu wanda zan zaga.

Dakta ta kira mu ofis, ta yi magana mai taushi. Ta ce ya huta tukuna, sai ya samu sauƙi. "Kada ka damu da ɗalibai," in ji ta, "akwai bidiyon da muka ɗauka kana koyarwa bara."

Aka kwantar da shi a asibiti, ya daɗe. Ya fito da kumburin fuska, gemu ya yi fari, hannu yana rawa. Kullum maganarsa ɗaya, yaushe zai koma aji. Da jikin ya lafa muka je. Dakta ta samu canjin wurin aiki. Wanda ya gaje ta ya ba mu kujera, ya yi ta godiya, ya ce yanzu bidiyon aka saka a jadawali, ya fi sauƙin tsarawa. In an bukace shi za a neme shi. Na san ba za a neme shi ba, Yaya ma ya sani.

Muna fitowa muka ji muryar Yaya tana tashi daga wani aji. Ya tsaya a taga. Ga shi can a bidiyon da aka haska a jikin bango, fes da shi, yana ba da dariya, sababbin ɗalibai suna ta rubutu. Na ja hannun rigarsa, ya ƙi motsi.

Wata ɗaliba ta lura da mu ta fito. Ta dubi hannunsa mai rawa, ta rusuna da ladabi.

"Baba, wajen ganin likita kake nema? Yana ƙasa, ta hannun hagu."

Na buɗe baki zan gaya mata wanda take yi wa magana, ya dafa ni.

"Na gode, 'yata," ya ce. Ya kama ƙarfen matakala ya fara sauka, a ƙasa kuma ya yi hagu.