Gorar Baba a Tafkin Dabino

Wata Juma'a da hantsi, cikin sanyin shekarar da nake aji huɗu, Baba ya naɗe wandonsa ya shiga tafkin gonar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, riƙe da doguwar gora. Ni ina bakin ruwa da takalmansa a hannu. Kafilin, wanda kowa ke kira Abu Fahad, ya haƙa tafkin ne don ban ruwan dabino a kudancin Riyad, daga baya ya so jirgin ruwan da jikokinsa za su riƙa shiga. Da ya ji Baba, direbansa, ɗan Yawuri ne, garin bakin kogi, sai ya ce Baba ne zai zaɓa. Saura makonni kaɗan iƙamar Baba, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kuma sai da yardar mutumin nan za a sabunta ta.

Tun kafin ranar, jirage biyu aka ba mu a hoto. Ɗaya ƙarami ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, kamar kwale-kwalen ƙarfe, ba shi da komai sai benci uku. Ɗayan babba, yana zaune kan manyan bututu biyu, da rumfa da kujerun laushi, kuma kowa ya san shi 'ya'yan gidan suke so. Mako guda hotunan suna jingine a kan firjinmu a unguwar Gubaira. Ina wanke-wanke ina kallonsu, ina shanya a saman bene ina tunaninsu, har gala-galar da muke yi da 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan Maraɗi ta daina yi mini daɗi. Umma takan ce, "Mai zaman aro ba ya cewa ɗaki ya yi zafi." Larabcin Baba bai wuce na hanya da gaisuwa ba, don haka ni ce bakinsa.

Da Baba ya fito daga ruwa ran nan, ya ce in gaya wa Abu Fahad cewa yanzu tafkin ya kai ƙugu, amma da rani, in an ja ruwa zuwa dabino, ba zai kai gwiwa ba. Babban jirgi zai kafe cikin laka da yara a kansa, ƙaramin kuwa ko a ruwan idon sawu zai tafi. Na dubi babban ɗan gidan da ke tsaye kusa da mahaifinsa, na tuna iƙama, sai na ce da Larabci Baba ya ce duka biyun suna da kyau. Abu Fahad ya yi murmushi. Baba ya dube ni ya ce, "Hadiza, maganata ta fi haka tsawo." Bai sake neman bakina ba. Ya kai gorar gaban kafilinsa, ya nuna iyakar laka da iyakar ruwa, ya ja shi zuwa bangon tafkin inda ranin bara ya bar farin zane can ƙasa. Mutumin ya daɗe yana kallo, ya juya ya tafi.

Makonni biyu ina tsayawa a taga da la'asar, ina duba ko Baba zai dawo da makullin mota a hannu, alamar ba a sallame shi ba. Sai wata rana yana wanke hannu zai ci tuwo ya ce an kawo ƙaramin jirgin, kamar mai ba da labarin farashin albasa. Iƙama ta biyo baya. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "In an ba ki magana, ki kai ta yadda take. Nauyinta ba naki ba ne."

Yanzu Baba ya koma Yawuri, ni kuma ina Kaduna ina fassara labarai a gidan rediyo, a ɗaki mai sanyi inda babu wanda zai kore mu saboda jimla ɗaya. Duk da haka, in hannuna ya so rage wata magana mai ɗaci, ƙanshin lakar tafkin nan nake ji. Sai in mayar da ita tsawonta.