Da Direba Ya Fara Ce Mini Malam

Shekarun baya, lokacin da gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihu ana ta rage ma'aikata, ni ma abin ya biyo ta kaina. Ina aiki a wani ɗan laburare kusa da gidanmu a Gorton, nan Manchester. Rana ɗaya aka tara mu, aka ba mu shayi da biskit, aka ce an gode da ƙoƙarinmu. Na dawo gida na ja wa matata kunne, na ce maganar nan daga ni sai ita, ko bango ban yarda ya ji ba.

Wanda na fi tsoron ya ji shi ne abokina da ke Birmingham. Garinmu ɗaya da shi a gida, ƙaramin gari irin wanda in akuyarka ta ɓata da safe, kafin azahar kowa ya san ƙafar da take ɗingishi da ita. Muna yara akwai wani wasan barkwanci da ake sakawa a rediyo duk Alhamis da yamma, labarin wani tela da bai taɓa gama ɗinkin Sallah a kan lokaci ba, da wani direba mai motar da ba ta tashi sai an tura. Kullum cikin zagin juna suke, kullum kuma kwano ɗaya suke ci. A rumfar mai gyaran keke muke saurare, mu ne ma masu shanya masa batir a rana don ya kai mu ƙarshen shirin. Tun daga nan na zama Tela, shi ya zama Direba.

An daina shirin tun tuni, mu dai ba mu daina ba. Ya zama injiniya, furfura ta fara fito mana, amma duk Lahadi sai ya kira, kuma ko gaisuwa ba ma yi.

"Tela maƙaryaci, ina rigar da na ba ka tun mulkin soja?"

"Tana inda motarka ta mutu, je ka ɗauka."

Haka za mu yi ta yi har katin waya ya ƙare, matanmu suna cewa Allah ya shirya.

Ba a jima da sallamata daga aiki ba, wata Lahadi ya kira, na ɗauka, sai na ji: "Assalamu alaikum, Malam. Ya iyali? Ya ƙoƙari?" Na cire wayar daga kunne na duba, lambarsa ce. Na ce bari in taɓa shi: "Direba, yau an samu masu turi kuwa?" Ya yi wata 'yar dariya marar gishiri, ya ce, "Allah dai ya sa mu cika da kyau." Muka yi sallama kamar surukai.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Nan take na ce shi ke nan, ya ji. Don a garinmu ba a tsokanar wanda ya faɗi, sai ya miƙe. In ka ga abokin wasanka ya koma yi maka ladabi, to tausayinka yake ji. Saura in gano wanda ya kai masa.

Da matata na fara, tunda tana waya da matarsa. Na koma laɓewa a bakin kicin ina saurare, ba abin da na tsinta sai farashin man ja da labarin makarantar yara. Da ta gane, ta ce, "Wallahi ban faɗa ba. Kai dai ka cika zargi, ko kyanwa ce ta kalle ka sai ka ce aiko ta aka yi." Rantsuwar ma sai na ga ta yi saurin fitowa. Daga nan na koma kan wani likita mutumin Whalley Range, wanda ya taɓa ganina a kasuwar Gorton da hantsi ranar aiki ina taya kabeji. Bawan Allah bai ce mini komai ba sai sannu, amma sannun ta yi mini tsawo. Har sahu na canza a masallaci saboda shi.

Abin da ya fi ci mini rai ba jin da Direba ya yi ba ne, ladabin ne. Da cewa ya yi, "Tela, sun gano ka sun kore ka," da na yi dariya na samu sauƙi. Aiki ya tafi, in fita da safe ba inda za ni, ɗan abin da ya rage mini a mako shi ne zagin nan na Lahadi, shi ma ga shi ana janye mini. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji kaɗaici.

Ranar da tura ta kai bango, cewa ya yi, "Malam, in akwai abin da na taɓa faɗa maka ya sosa maka rai, ka yi haƙuri." Na ce lallai biri ya yi kama da mutum. Wato injiniya ya ga marar aiki ba sa'ansa ba ne, yana sallamata cikin mutunci. Washegari na hau babbar bas zuwa Birmingham ba tare da na sanar da shi ba, ina ta haddar maganganun da zan gasa masa har muka isa.

Matarsa ce ta buɗe mini ƙofa a gidansu na Lozells. Ta yi turus da ta gan ni, na ce a raina ga mai laifi ta biyu. Na same shi a falo kan kujera, an lulluɓa masa bargo. Ban ko zauna ba na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Gaya mini me?"

"Cewa an sallame ni daga aiki."

Ya ware ido. "An sallame ka? Yaushe?"

Ya yunƙura zai tashi, numfashi ya gagare shi, ya koma ya zauna. Sai a lokacin na dube shi da kyau. Wuyansa ya zama siriri, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Ni da na zo da idon neman mai laifi, na shigo ɗaki ban ga marar lafiya ba.

Ya ce zuciya ce. Likitan unguwarsu ya tura shi asibiti, sun ce sai an yi aiki, ana ta sa rana ana ɗagawa. "Ina zaune a nan ba abin da nake sai tunani. Shekara da shekaru ina ce maka maƙaryaci, ɓarawon yadi. In aka kwantar da ni ban tashi ba, da me zan je gaban Allah?"

Na ce, "Ai wasa ne."

"Na sani. Amma wanda za a buɗe wa ƙirji, wasa ma tsoro yake ba shi. Ka yafe ni, don Allah."

Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo baya. Na ga in na ce na yafe, kamar na raka shi tasha ne na ɗaga masa hannu. Sai na ji bakina ya ce, "Ban yafe ba."

Matarsa ta saki salati daga bakin ƙofa.

Na ce, "Ban yafe ba sai ka fito. Inji ne ya buga, za su sauke su gyara. Wace irin mutuwa ce motarka ba ta yi ba, kuma ta tashi?"

Ya dube ni, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta rugo da ruwa. Da ya samu kansa ya ce, "Dama na yi mamakin ganinka ranar Litinin. Ashe zaman kashe wando ne ya kawo ka, ba zumunci ba."

Ranar da aka shiga da shi ina zaune a barandar asibitin. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina ta tunanin in bai fito ba, kalmar da ya roƙe ni na hana shi ke nan har abada. Na yi ta maimaitawa a hankali, na yafe, na yafe duniya da lahira, har wata Baturiya da ke kusa da ni ta miƙo mini tishu. Allah ya taimake ni ya fito.

Na samu wani aikin daga baya, na kuma je na ba likitan nan na Whalley Range haƙuri, shi bai ma san an yi faɗa da shi ba. Zargin dai bai bar ni duka ba, hali zanen dutse. Sai dai yanzu in na kusa da ni ya canza mini, nakan fara tambayar lafiyarsa kafin in tambayi abin da aka ce masa a kaina.

Shi kuwa Direba yana nan da tabonsa a ƙirji. Duk Sallah in an gama gaisawa sai ya rage murya ya ce, "To yanzu fa, ka yafe?" Ni kuma in ce masa ya dawo baɗi.